Tambayar da Alhaji Buba Ya Ƙi Amsawa

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a a kwance na yi shi, ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura a tashar Gumel. Maigidana, Malam Ɗanjuma, ya miƙo mini tsumma da kwalbar kananzir, ya ce in goge lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar har ta fito, in karanto masa. Na goge, na karanto. Ya duba takardar da mai motar ya kawo, ya ce in sake. Na sake. Lambar ƙarfe daban, ta takarda daban. Mai mota ya shiga rantse-rantse. Malam Ɗanjuma ya ce, "Alhaji, ni ban ce ka yi sata ba. Amma motar da ke cikin takardar nan ba ita ka zo da ita ba. In na yi maka inshora, waccan na yi wa, ko tana wace duniya." Ni kuwa ina nan kwance, baƙin mai yana ɗiga mini a riga.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin yanzu da kuke cewa wakilin inshora ba shi da wani aiki. Wai a danna waya, a biya, takarda ta fito. Haka ne, tana fitowa, ni ma na gani. Abin da yawancinku ba ku taɓa gani ba shi ne ranar da mutum zai ɗauki takardar nan ya tafi neman haƙƙinsa.

A aji uku na bar sakandare. Turancina bai wuce na karanta fom da cike shi ba, shi ma da ƙyar. Malam Ɗanjuma tsohon akawun kotu ne da ya yi ritaya ya kafa rumfar kwano a bakin tasha, yana wakiltar wani kamfanin inshora na Kano. Kayan aikinmu ba su da yawa: tafireta wadda harafi ɗaya ya mutu a cikinta sai an cike da biro, takardar kabon, hatimi, kwalin tawada na dangwale, tocila, sai tsumman nan da kananzir. Na daɗe ina shara da ɗauko shayi da shiga ƙarƙashin motoci kafin ya bar ni in taɓa tafiretar. Ranar da ya bar ni, na juya kabon baibai, na ɓata takarda mai lamba. Bai zage ni ba. Sai ya sa ni na hau mota har Kano na mayar da ita ofis da kaina, na yi bayani da bakina a gaban mutane. Ban ƙara juya kabon ba.

Inshora iri biyu muke yi. Akwai ƙarama, wadda kowa ke saya don ya nuna wa ɗan sanda a hanya. Ita wanda ka buge take biya, ba ta san motarka ba. Akwai cikakkiya, wadda in motarka ta kife ko ta ƙone kamfani zai gyara ko ya biya. Wannan tana da tsada, masu yinta a ƙasarmu kaɗan ne, kuma a cikinta ne wahalar aikin take. Domin duk shekara, in mutum ya zo sabuntawa, ko ya bar wani kamfani ya dawo naka, akwai tambayar da dole a yi masa: a shekarun baya ka taɓa yin haɗari, ka taɓa karɓar kuɗin gyara daga wani kamfani? In ka taɓa, yaushe, a ina, me ya faru, wa ke tuƙi? Wanda ya ce ya taɓa, a ɗan ƙara masa kuɗi. Wanda ya ce bai taɓa ba alhali ya taɓa, za a karɓi kuɗinsa da fara'a, a ba shi takarda mai kyau. Ba wanda zai bincika a ranar. Sai ranar da motar ta lalace ya zo karɓa, a nan ne za a tono, a ce tun farko ya ɓoye, don haka babu wata yarjejeniya. Kamfani ba ya bincike lokacin karɓa, sai lokacin biya. Wannan shi ne abin da wayarku ba ta gaya muku.

Mutanenmu kuwa ba sa son wannan tambaya. Ka ce wa direba "ka taɓa haɗari?" a gaban 'yan'uwansa direbobi, sai ya ji kamar ka ce bai iya tuƙi ba, ko kana jawo masa wani. Zai ce, "Allah ya kiyaye, wane irin baki ne wannan da safe?" Shi ya sa Malam Ɗanjuma bai taɓa yin ta a kan benci ba. Yakan ce, "Taso mu ga motar." Su zagaya su biyu, yana shafa jikinta kamar mai tayin saniya. Inda ya ji fenti ya yi kauri, ko ya ga layin walda, sai ya tsaya ya ɗora tafin hannu ya ce, "Nan fa?" Shi ke nan. Mutum zai iya yi maka ƙarya a zaune, amma da wuya ya yi ta hannunka na kan tabon. Sai ka ji ya ce, "Eh to, an ɗan taɓa ta bara a kwanar Gagarawa." Daga nan magana ta buɗe. Wannan ita ce dokarsa ta farko. Ta biyu ita ce, duk abin da ka rubuta da Turanci, ka karanta wa mutum da Hausa kafin ya dangwala yatsa. Ko yana sauri, ko yana zaginka.

Wani direban bas na Sule Tankarkar, na ɗora hannu a gaban motarsa na ce nan fa, ya ce jaki ne. Na ɗora a ƙofar gefe, ya ce jaki ne. Na zagaya baya inda gilashi sabo ne fil, kafin in yi magana ya ce shi ma jaki ne. Na ce, "Malam, jakin nan dai da kai yake gaba, ka nemi sulhu da shi." Muka yi dariya, ya zauna ya faɗi gaskiya, ashe sau ɗaya ne kamfani ya biya shi. Aka rubuta, aka ƙara masa abin da aka ƙara, ya tafi yana tsine mini. Da motar ta sake faɗuwa bayan 'yan shekaru, an biya shi ba gardama. Bai zo ya gode ba. Ba sa zuwa.

Ranar Alhamis Maigatari nake wuni, ranar kasuwar dabbobi. Mutanen Damagaram su zo da kamyonsu, wato manyan motocinsu na kaya, suna neman asirans, haka suke ce wa inshora, namu kuma su zo neman takardar ƙetare boda. A lokacin nan, bayan Malam Ɗanjuma ya rasu na gaji rumfar, ina komawa gida da yamma hannuna duk tawada. Sai shekarar da aka rufe boda. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya har ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu. Wa zai sabunta inshorar motar da ba ta motsi? Waɗanda ke motsin ma suka koma wurin masu buga ta bogi a bayan tasha. Na sayar da babur ɗina a shekarar, na sayar da tafiretar ma ga wani mai rubuta takardun kotu. Da aka buɗe boda, mutane ba su dawo wurina ba. Sun saba da shagon kwamfuta, inda ba mai shiga ƙarƙashin mota, ba mai ce musu nan fa.

A wannan lokacin ne Alhaji Buba ya zo mini, kuma saboda shi nake rubuta duk wannan.

Alhaji Buba Bafulatani ne daga wata ruga a yammacin Ɗanzomo, ya girme ni da kyau. Da gonaki suka cinye burtali kiwo ya gagara, ya sayar da mafi yawan shanunsa ya sayi gingimari mai bodin katako a Kano, da cikakkiyar inshora da dillalin ya haɗa masa. Ya sa ɗansa na fari ya koyi tuƙi, ya damƙa masa. Motar nan ita ce garken gidan gaba ɗaya: abincinsu, auren 'ya'yansu, komai. Wata rana ta kife da lodin shanu a hanyar Kano, kan motar ya murƙushe, ɗan ya rasu a wurin. Na je gaisuwa har rugar. Bayan wata da watanni kamfanin can ya biya kuɗin gyara, aka sa mata wani kan, ya ɗauki direban haya ta koma hanya. Kowa a tashar Gumel ya san wannan.

Ku da kuka tashi a gari wataƙila ba ku san nauyin alkunyar ɗan fari a wurin irin su Alhaji Buba ba. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan" ko "direban". A zaman makokin ma, ana yi masa ta'aziyya yana amsawa kamar maƙwabci ne ya mutu, idonsa a bushe, yana tambayar mutane ya hanya. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya ƙaunarsa.

Ya zo rumfata da hantsi, motar na tsaye a tasha. Ni Bamange ne, shi Bafulatani, don haka akwai wasa tsakaninmu. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Bamange! Har yanzu kana nan kana sayar wa mutane takarda a kuɗin bijimi?"

Na ce, "Ina nan, bawana. Kai fa, ka gama koya wa motar taka kiwo, ko har yanzu sai an ba ta mai?"

"Ta fi ka amfani, ita ko ba komai tana ɗaukar kaya."

Ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi. Wasu masu fitar da riɗi da zoɓo a yankin ciniki na Maigatari za su ba shi jigila ta dindindin zuwa kudu, amma sun ce sai motar da ke da cikakkiyar inshora mai rai. Tasa ta ƙare, dillalin Kano kuma ya rufe ofis. Na yi murna, don rabona da irin wannan aiki an daɗe.

Na ce, "Taso mu ga motar." Muka zagaya. Na zo daidai inda aka haɗa sabon kan da tsohon jiki, waldar na nan ko makaho zai ji ta. Na ɗora hannu na ce, "Nan fa, Alhaji?"

Ya kalli wani wajen. Ya ce, "Haka take."

Muka dawo rumfa. Na sallami masu zaman banza da ke kan benci, na ja kujera kusa da shi, na karanta masa tambayar da Hausa a hankali.

Ya ce, "Rubuta babu."

"Alhaji, na je gaisuwa fa. A tabarmarka na zauna."

"Na gani, na gode. Rubuta babu."

Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa kowa, cewa ƙarin kaɗan ne, cewa in an ɓoye ranar biya za a tono. Yana ji yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce ba ƙarin ne ya dame shi ba, in ninka kuɗin in ina so, amma in rubuta babu. Na ce ba a yin haka. Sai na yi masa tayin da ban taɓa yi wa kowa ba tun da na fara aiki. Na ce, "To ba sai ka faɗa da bakinka ba. Na san ranar, na san wurin, na san wanda ke tuƙi. Ni zan rubuta, ba zan karanta maka ba. Kai dai ka dangwala."

Ya dubi kwalin tawadar. Ya ce, "In sa yatsana a kai?"

"Shi ke nan kawai."

Ya ɗago ya dube ni. Da ya yi magana, wasa ya fita daga muryarsa, kuma ya kira ni da sunana, abin da ba ya yi. Ya ce, "Habu, yana raye ban kira shi ba. Yanzu da ya tafi kake so in kira shi a takardar kamfani? Kuma ka san me ake faɗa a rugarmu? Ana cewa na karɓi kuɗi a kansa. Matata ma ta ji. Kana so in sa hannu cewa gaskiya suka faɗa."

Na ce, "Kuɗin gyaran ƙarfe ne, Alhaji, ba kuɗin rai ba."

"Je ka rugar ka gaya musu."

Na ce masa ni dai ba zan rubuta babu ba, don in na rubuta takardar banza na sayar masa. Ya ce to in ba shi takardunsa. Na ba shi. Ya miƙe, ya gyara malfarsa, har ya ɗan dawo da wasan: "Bamange, shi ya sa ba ka yi arziki ba." Na ce na sani.

Ranar Alhamis ya je wani shagon kwamfuta a Maigatari. Mai shagon ya tambaye shi, ba zan yi masa ƙarya ba, an ce ya tambaya: "Baba, ka taɓa karɓar kuɗin inshora?" Ya ce babu. Aka danna babu, takarda ta fito mai kyalli. Na so in ga laifin mai shagon, amma ban samu ba. Ya tambaya, an amsa masa. Bai san rugar ba, bai je gaisuwa ba, bai fita ya ga motar ba, kuma ba wanda ya taɓa koya masa cewa ana fita.

Motar ta yi aiki har kakar ta wuce. A wata tafiya da lodin zoɓo, can bayan Zariya, tayar gaba ta fashe, ta kife a rami ta kama wuta. Direban ya fita da ƙuna a hannu. Motar kuwa ƙarfe kawai ya rage. Masu kaya suna da tasu inshorar ta kaya, an biya su, suka ba wani jigilar. Alhaji Buba ya kai tasa takardar. Kamfani ya aiko mai bincike, ya duba abin da zai duba, ya tambayi tsohon kamfanin, don yanzu duk suna ganin bayanan juna. Amsa ta zo cewa ya ɓoye haɗarin baya, ba za a biya ko kwabo ba.

Ya sake zuwa rumfata. Wannan karon bai ɗaga murya daga nesa ba. Ya ce, "Ka iya Turanci. Raka ni Kano." Bai ce na gaya masa ba, ni ma ban ce ba. Na rufe rumfa muka tafi.

Manajan kamfanin wani Bayarabe ne mai furfura, kuma ba mugu ba ne. Ya ba mu kujeru, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Ya ce doka tana tare da kamfani, wannan ba gardama. Amma wani lokaci babban ofishinsu na Legas yakan ba da wani abu don tausayi, in mutum ya yi cikakken bayani a rubuce na haɗarin farko da dalilin da ya sa ya ɓoye, ya sa hannu. Bai yi alkawari ba, amma ya ce in an dace abin zai iya sayen 'yar ƙaramar tsohuwar mota a ci gaba da neman abinci. Na fassara wa Alhaji. Sannan na tattaro ɗan Turancina na aji uku na yi wa manajan bayanin alkunyar ɗan fari. Ya saurara da kyau. Ya ce ya gane, su ma a garinsu akwai sunayen da ba a kira. Amma Legas ba ta ganin fuskar mutum, takarda take karantawa, kuma sai da yatsan mai mota a kai. Ya jawo farar takarda da biro da kansa, ya ce mu fara da mai sauƙi: wa ke tuƙi a ranar?

Na juya na ce, "Alhaji, ya ce wa ke tuƙi."

Alhaji Buba ya riƙe kofin ruwan da hannu biyu yana kallon cikinsa. Manaja na jira, biro a hannu. Ni ina jira. Na ga leɓensa ya motsa, wallahi na gani, na ɗauka zai faɗa. Sai ya ajiye kofin a hankali a bakin tebur.

Ya ce, "Ka ce masa ruwansa da sanyi, na gode. Tashi mu je kada mu rasa motar Gumel."

A kan matakala na zazzage masa duk abin da ke bakina, ban duba girmansa ba. Na ce taurin kansa zai sa iyalinsa su kwana da yunwa, na ce wanda ya tafi ya tafi, masu rai fa? Muka sauka ƙasa. Sannan ya ce, "Duk na sani, Habu." Muka hau motar Gumel.

Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka kwashe abin da ya rage na motar. Yanzu Alhaji Buba shanun wani ɗan kasuwa na Gumel yake kiwo a dajin Sule Tankarkar, da shekarunsa, ana biyansa a wata. Na yi ta juya abin a raina ko akwai wata hanyar yin tambayar nan da Malam Ɗanjuma bai koya mini ba, wadda mutum zai amsa ba tare da ya karya abin da ya riƙe tun ƙuruciyarsa ba. Ban samo ba. Waɗanda suka tsara fom ɗin ba su taɓa zuwa ruga ba, kuma ba za su zo ba.

Da daminar da ta wuce ya biyo ta tasha a ƙafa, da sandarsa, ya rame. Ya ajiye mini ɗan kwanon man shanu a kan tebur, ya zauna a benci, ya dubi rumfar da ba kowa a cikinta sai ni.

Ya ce, "Bamange, har yanzu kana yi wa mutane tambayar nan?"

Na ce, "Ina yi."

"Suna amsawa?"

Na ce, "Ai ba sa zuwa ma, Alhaji."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna muna kallon motoci suna lodi, har ya ce shanun mutane na jiransa, ya tashi.